Awon Bargo a Manteigas

Shekara talatin da ɗaya ina bayan wannan kanta,
a Manteigas, gindin tsaunin da ke sa farar hula tun Nuwamba.
Sunana Graciete. Tef ɗin awo shi ne sarƙar wuyana.
Ulun tumakinmu nake sayarwa,
saƙaƙƙe, ninkakke, da ɗan ƙanshin garke bayan ruwa.

Wani yakan zo da lamba a tafin hannu,
ɗari da talatin, ɗari da saba'in,
na yafawa a hannun kujera don idon baƙi,
wanda ba za a taɓa lulluɓa da shi ba.
Mai son na ƙafar gado kuwa,
nakan ce a bar taki biyu ya zubo kowane gefe.
In ya gaza, sai ka ce wa ya ari rigar ƙanensa.
In ya zarce, geza ta share ƙasa,
kyanwa ta samu abin wasa.

Ran Laraba Eusébio ya shigo,
tsohon direban motar madara,
yana kakkaɓe ƙanƙara daga kafaɗa.
Ya ajiye igiya mai ƙulli biyu a gabana.
"Tsawon kujerar falo ke nan. Ba ni daidai ita."

Na ɗora igiyar a kan tef. Ɗari da sittin.
Na sauko da mai ruwan toka, na ware.
Ya shafa, ya juya, ya sake shafawa,
hannunsa bai je aljihu ba.

Na ce, "Kujerar ce ke jin sanyi?"

Ya daɗe yana kallon titi.
Can ya ce Rúben ne. Ya dawo daga Lyon
da jaka ɗaya, ba matar, ba aikin.
Ɗakinsa na nan, an gyara gado,
ya ƙi shiga. A falo yake kwana,
talabijin a kunne, an kashe murya.
"In na fito da asuba ƙafafunsa na waje,
sanyi ƙalau kamar dutsen rafi.
Ba ma cika magana ba.
Ban san ta inda ake farawa ba."

Ai na san Rúben.
Tun yana ɗan sha biyar yake sunkuyawa a ƙofar makaranta.

Na naɗe igiyar na miƙa masa.
Na ce, ka auno katako ka baro mutum.
Bargo daga haɓa yake tashi,
ya bi ƙirji, ya haye gwiwa, ya kai yatsu,
sannan a ƙara abin da za a cusa ƙarƙashin diddige.
A faɗi kuma a ba juyi haƙƙinsa,
don mai damuwa ba ya kwana a gefe ɗaya.

Na hau tsani na ciro na can ƙololuwa,
ɗari biyu da ashirin, ruwan ƙasa, jan layi ɗaya a baki,
shekara biyu yana jiran dogo.

"Zai ja ƙasa," in ji shi.
Na ce zai ja.
"Da Odete na da rai ba za ta yarda ba."
Na ce da Odete ce, ba za ta zo da igiya ba.
Dariya ta taso masa, ta tsaya a maƙogwaro.
Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya rungumi ƙunshin
kamar mai ɗauke da ɗan rago, ya fita.

Bayan kwana goma sha ɗaya ƙararrawar ƙofa ta kaɗa,
wani ya sunkuya ya shigo.
Ya ce yana son ƙarami, na kujerar mutum ɗaya.
Tsohon ya koma zama a gefensa da dare,
wai kallon ƙwallo, alhali ba a buga komai,
har barci ya kwashe shi a zaune, hannu cikin hammata.

Na ce, "Ina awonka?"

Bai zo da igiya ba.
Ya ɗaga tafin hannu ya kafa a ƙirjinsa,
daidai maɓalli na uku.
"Nan yake kawo mini," ya ce.
"Da ya fi haka."